Aksolotil: Ya Cika Akwatunan Gilashi, Ya Kusa Ƙarewa a Tafkinsu

Sharhin yau zai kai mu ƙasar Meksiko, daga can kuma ya leƙa da mu ɗakunan mutane a Turai da Japan da Amurka, inda ake kiwon wata halitta ta ruwa mai suna aksolotil.

A watan Oktoban 2021 babban bankin Meksiko ya fitar da sabuwar takardar kuɗi ta peso 50. Ba wani kuɗi ba ne na a zo a gani, ɗan ƙaramin cefane ne ke cinye ta. Sai ga mutane suna ƙin kashe ta. Wanda aka ba shi ita a canji sai ya lallaɓa ya adana, wani ma ya sa ta cikin firam ya rataye a bango. Dalili shi ne hoton da ke bayanta, na aksolotil yana iyo a ruwan tafkin Socimilko. Wadda aka zana ɗin ma ba ƙirƙirarta aka yi ba, mace ce mai suna Gorda da ake kiwo a lokacin a wani gidan nune-nune da ke birnin Meksiko. Ƙungiyar masu tara takardun kuɗi ta duniya ta zaɓi wannan takarda a matsayin wadda ta fi kowacce kyau a shekarar.

Wanda bai taɓa ganin aksolotil ba, ga siffarsa. Tsawonsa ya kai taƙi ɗaya ko ya ɗan ɗara, wato santimita 23 zuwa 30. Jikin ya yi kama da na ƙadangare, amma santsi gare shi, ba ɓawo. Kai faffaɗa, idanu ƙanana marasa fatar rufewa, baki mai faɗi wanda ya ɗan lanƙwasa sama, shi ya sa kullum a hoto ake ganin kamar murmushi yake yi. Ƙafafu huɗu sirara, na gaba yatsu huɗu, na baya biyar. Abin da ya fi jan ido shi ne wasu rassa shida masu gashi-gashi da suka fito bayan kai, uku dama uku hagu. Da su yake numfashi a cikin ruwa. Idan yana kwance a ƙasan tanki, jefi-jefi sai a ga ya kaɗa su gaba ɗaya, ya kuma sake su su kwanta.

Ba kifi ba ne, ba kuma ƙadangare ba. Dangin kwaɗo ne. Sai dai ɗan kwaɗo yakan fara rayuwa a ruwa, ya yi ƙafafu, ya zubar da wutsiya, ya hau tudu. Shi kuwa aksolotil yakan tsaya a siffar ƙuruciya har tsufa. A haka zai balaga, a haka zai hayayyafa, a haka zai mutu, bai taɓa barin ruwa ba.

Duk faɗin duniya gidansa na asali bai wuce tafkuna biyu ba, Socimilko da Calko, a kwarin da birnin Meksiko yake zaune, sama da mita 2,200 daga doron teku. Tun bayan da Sifaniyawa suka ci birnin daular Aztek a 1521 ake ta janye ruwan tafkunan kwarin don maganin ambaliya da samun filin gini. Calko ya ƙafe. Abin da ya rage na Socimilko hanyoyin ruwa ne da suka ratsa tsakanin wasu gonaki da ake kira cinampa, waɗanda mutanen dā suka gina da laka da ciyawa a tsakiyar tafki. A zamanin Aztek aksolotil abinci ne, ana sayar da shi a kasuwa, ana kuma haɗa maganin tari da shi. A tatsuniyarsu, wani abin bautarsu mai suna Sholotil ne ya gudu daga yanka ya faɗa ruwa ya rikiɗa ya zama wannan halitta.

Ƙidayar da masana na babbar jami'ar ƙasar, UNAM, suka yi ta nuna yadda abin ya zube. A 1998 ana samun aksolotil kusan 6,000 a kowane murabba'in kilomita na ruwan Socimilko. Zuwa 2008 sun koma wajen 100. A 2014 ba su kai 40 ba. Hukumar IUCN mai lura da halittun da ke fuskantar ƙarewa ta sa shi a rukunin waɗanda ke gab da shafewa tun 2006, kuma ƙiyasinta na baya-bayan nan ya ce manyan da suka rage a ruwan asali ba su wuce tsakanin 50 zuwa 1,000 ba. Amma a daidai wannan lokaci, duk wanda ya shiga shagon kifin ado a Landan ko Tokyo ko Balin zai iya sayen ɗaya ya tafi da shi gida cikin leda.

Labarin yadda aka yi haka ya faro ne daga Paris. A 1864, lokacin da sojojin Faransa ke cikin Meksiko, aka kawo aksolotil 34 da ransu. Shida daga ciki, maza biyar da mace ɗaya, suka shiga hannun wani masanin dabbobi mai suna Auguste Duméril a gidan nazarin halittu na birnin. Ba a daɗe ba suka fara zuba ƙwai, 'ya'ya suka yi yawa, Duméril ya shiga rabawa abokan aikinsa a sassan Turai kyauta. Mafi yawan aksolotil da ke ɗakunan bincike da gidajen mutane a yau, idan aka bi salsalarsu, can za ta kai.

A 1865 Duméril ya ga abin da ya ɗaure masa kai. Wasu daga cikin 'ya'yan suka zubar da rassan numfashinsu, fatarsu ta sake, suka fito daga ruwa. Ashe ikon rikiɗar yana nan a jiki, a kulle ne kawai. Sai a 1920 masanin nan ɗan Ingila, Julian Huxley, ya nuna mabuɗin: ya ciyar da aksolotil ƙwayar maƙogwaron shanu, wato ƙwayar nan da idan ta kumbura a jikin mutum ake ce yana da maƙoƙo, cikin 'yan makonni kuwa suka rikiɗa. Masu kiwo na yau sun san wannan, nagartattun cikinsu kuma ba sa gwadawa, domin wanda aka tilasta wa rikiɗa yawanci ba ya daɗewa.

Abin da ya sa masana suka riƙe shi hannu bibbiyu shi ne baiwar da Allah ya yi masa ta mayar da gaɓa. Idan ƙafarsa ta yanke, wata za ta tsiro da ƙashi da jijiya da yatsu, ba tabo. Haka wutsiya, da muƙamuƙi, da lakar baya, har da wani sashe na zuciya da na ƙwaƙwalwa. A 2018 aka karanto kundin gadon halittarsa, aka tarar ya ninka na ɗan'adam sau goma. Jami'ar Kentucky a Amurka tana da cibiya guda wadda aikinta kenan, kiwon aksolotil da aika su ga masu bincike.

Na tafkin asali baƙi-baƙi ne mai ɗigo-ɗigo, launin laka, yadda tsuntsu ba zai hango shi ba. Wanda duniya ta sani kuwa fari ne mai shigen ruwan hoda, da baƙaƙen idanu da jajayen rassa, kuma ana danganta zuriyarsa da wani farin da ya isa Paris tun zamanin Duméril. Zabiya mai ruwan zinare shi ma da nasa tarihin. A shekarun 1960 wani masani Ba'amurke, Rufus Humphrey, ya samu zabiyar wani ɗan'uwan aksolotil mai zanen damisa, wanda ke rayuwa a Amurka, ya haɗa irinsu, daga nan zabiyancin ya shigo. Akwai baƙi ƙirin, akwai mai launin tagulla, akwai ma wanda ke sheƙin kore a ƙarƙashin wata fitila ta musamman, saboda an dasa wa kakanninsa gadon wata halittar teku a ɗakin bincike.

Farin jininsa a wajen jama'a sau biyu yana tashi. Na farko a Japan ne, a 1985, da kamfanin taliya na Nissin ya sa shi a tallar talabijin, yara suka yi ca a kansa. Na biyu a 2021 ne, da wasan kwamfuta na Minecraft ya shigar da shi cikin halittunsa, bidiyoyin TikTok kuma suka ƙara wa wutar fetur. A cikin wasan akwai shuɗin aksolotil wanda samunsa sai an yi sa'a, ɗaya cikin 1,200. Yara suka riƙa matsa wa iyaye sai an sayo musu shuɗi, alhali a zahiri babu shi. Mai shagon da ya ce yana da shi, ko dai hasken fitila ne ko gyaran hoto.

A nan ne sha'awa ke cin karo da aiki. Duk gogaggen mai kiwo zai ce ita dabbar ba ta da wahala, ruwan ne ke da wahala.

Aksolotil ɗan ruwan sanyi ne. Yana son maki 16 zuwa 18 a ma'aunin Selshiyas. Ruwa ya haura 20 ya fara takura, ya wuce 24 ya daɗe a haka kuwa an shiga haɗari. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar numfashi sosai, ga shi zafi yana sa jikin dabbar ya ƙara buƙatarta. Sai ya daina ci, rassan numfashi su motse, wata farar fumfuna mai kama da auduga ta fito a kansu. Ko a Turai masu kiwo suna shan fama da bazara. Wasu sukan kafa 'yar fanka tana hura saman ruwan, tururi yana tashi da zafin, kamar dai yadda randa ke sanyaya ruwa ta hanyar tsattsafo, amma abin da hakan ke ragewa bai wuce maki biyu ko uku ba. Wasu sukan jefa robar ƙanƙara, sai dai tana narkewa zafin ya dawo, hawa da saukar nan kuma ita ma cuta ce. Maganin gaskiya shi ne na'urar sanyaya ruwa da ke aiki dare da rana, kuma kuɗinta ya ninka na dabbar sau da yawa.

Matashin da ya ga bidiyon a waya a Kano ko Maraɗi ya ji yana so, ya kamata ya yi wannan lissafi tukuna. A watan Afrilu ma'auni yana taɓa 40, ruwan tankin saman gida har ƙona hannu yake yi da azahar. Dabbar da ke rayuwa shekara 10 zuwa 15 tana buƙatar lantarkin da ba zai yanke ba tsawon shekarun nan. A ɗauke wuta kwana biyu da bazara, shi ke nan an gama. Mai sola da batura masu ƙarfi zai iya, wanda ba shi da su kuwa kuɗinsa zai zubar, ya kuma ɗauki alhakin rai.

Bayan sanyi sai tsabta, ba kuma tsabtar ido ake nufi ba. Aksolotil yana kashi da yawa, kashin yana sakin amoniya, amoniya kuma tana ƙona fata da rassan numfashi ko da ruwan ya yi garau. Masu kiwon tarwaɗa sun san wannan matsala, su sukan zubar da ruwa su zuba sabo. A akwatin gilashi dabarar daban ce. Ana haɗa tanki da matatarsa, a bar shi yana aiki mako huɗu zuwa takwas ba dabba a ciki, ana ɗiga masa amoniya kaɗan-kaɗan, har wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani su zauna cikin soson matatar. Su ne ke juya amoniya zuwa wani sinadari, wasu kuma su juya wannan zuwa na uku mai sauƙin illa, wanda ake rage shi da canjin kashi ɗaya cikin biyar na ruwan duk mako. Kuskuren da ya fi kashe aksolotil a hannun sababbin masu kiwo shi ne a sayo tanki da dabba rana ɗaya. Na biyu shi ne a wanke soson matata da ruwan famfo, kilorin ɗin da ke ciki ya kashe ƙwayoyin da aka yi wata biyu ana reno.

Babba guda yana buƙatar tanki mai cin aƙalla lita 75, kuma faɗi ya fi zurfi amfani, tunda a ƙasa yake yawo. Ba ya son ruwa mai gudu, ba ya son haske mai ƙarfi, sai an sa masa wurin ɓuya, ko da guntun bututu ne ko fasasshiyar tukunya mara kaifi. Ba a haɗa shi da kifi: ƙanana zai haɗiye su, manya za su yagi rassansa. Ba a kuma ɗaukarsa da hannu don wasa, fatar ba ta jurewa. Idan ya takura jikinsa yakan nuna, sai a ga rassan sun lanƙwaso gaba, ƙarshen wutsiya ya naɗe.

Cin abincinsa abin kallo ne. Mai kiwo zai kamo tana da dogon hantsaki ya sauke ta a hankali gaban hancinsa. Ganinsa ba shi da ƙarfi, da ƙamshi da motsin ruwa yake gane abu. Zai tsaya cik, kai ya ɗan ɗago. Can sai baki ya buɗe farat ɗaya, ruwa ya ruga ciki da tanar gaba ɗaya, har jikinsa ya yi ɗan tsalle. Ba ya tauna, haƙoransa na riƙewa ne kawai. Wannan zuƙar ce ta sa ba a shimfiɗa tsakuwa a tankinsa, domin duk abin da bai kai girman kansa ba zai iya shigewa ciki ya toshe hanji. Ko dai yashi mai laushi ƙwarai, ko a bar gilashin haka nan. Babba sau biyu ko uku a mako ya ishe shi, ƙarami kuwa kullum.

Sai batun hayayyafa, wanda shi ne ya fi jefa mutane cikin rigima, saboda ba ya buƙatar wata gwaninta. A haɗa namiji da mace a tanki ɗaya kawai, sauran su za su ƙarasa. Tun suna wajen shekara ɗaya suke balaga, ko da yake masu kula sukan jira mace ta kai wata 18. Ana gane namiji da kumburin da ke gindin wutsiyarsa, mace kuma jikinta ya fi cika. Saukar sanyin ruwa, irin na sauyin yanayi, yakan motsa su.

Namiji zai fara zungurar mace da hanci, ya wuce gabanta yana kaɗa wutsiya, ita kuma tana biye. Ba sa haɗuwa jiki da jiki. Yana tafe yana ajiye wasu 'yan ƙunshin maniyyi masu kama da farin majina a ƙasan tanki, ita kuma ta bi ta kai ta ɗauke da mafitarta. Bayan 'yan sa'o'i, ko kwana ɗaya zuwa biyu, sai ta fara aiki. Za ta rungumi ganye da ƙafafun baya, ta manna ƙwai guda, ta matsa gaba ta manna wani, a kan ganye, a kan dutse, a jikin bututun matata, har gari ya waye ba ta gama ba. Mace guda tana iya zuba ƙwai daga 100 har zuwa 1,000 a zama ɗaya. Idan uwar zabiya ce ƙwan farare ne, in ba haka ba masu duhu. Dole a kwashe su ko a fitar da iyayen, don ba sa jin kunyar cinye abinsu.

Cikin mako biyu, gwargwadon sanyin ruwa, ana iya kallon ɗan yana siffantuwa ta cikin ƙwan, tunda a bayyane yake: ɗigo ya zama waƙafi, waƙafi ya yi wutsiya, ya fara motsi. Yana ƙyanƙyashewa tsawonsa bai fi santimita ɗaya ba, ba ƙafa ko ɗaya. Kwana ɗaya zuwa uku yana rayuwa da ragowar gwaiduwa. Daga nan sai abinci mai rai, domin abin da ba ya motsi ba ya kula shi. Mai kiwo zai koma ƙyanƙyasar wasu mitsi-mitsin jatan lande a kwalbar ruwan gishiri, kullum sabon zubi, ya tace, ya ɗauraye gishirin, ya ba su safe da yamma, ya zuƙe ragowar kafin ta ruɓe. Ƙafafun gaba su fara fitowa, na baya su biyo bayan makonni. A nan ne kuma suke fara cin juna. Duk abin da ya gifta gaban ɗan aksolotil abinci ne, ko da ƙafar ɗan'uwansa ce. Sai an rarraba su bisa girma a robobi daban-daban, kowace roba a canja mata ruwa kullum. Ƙafar za ta sake tsirowa, gaskiya ne, amma wadda aka yi ta ciza sau da yawa takan fito a karkace.

Masu kiwo na haƙiƙa suna rubuta asalin kowace dabba, wa ya haifi wa, don kada su haɗa wa da ƙanwa, suna kuma lissafin launi tun kafin haɗi. Farin launin nan ɓoyayye ne: iyaye biyu baƙaƙe da ke ɗauke da shi za su ba da fari kusan ɗaya cikin huɗu. Kuma ba sa renon ƙwai dubu. Sukan ware 20 ko 30 da suka san za su iya ciyarwa su kuma sama musu gida, sauran su sa a firiza tun kafin su siffantu. Wasu na ganin rashin tausayi ne, amma abin da ya faru a New Zealand ya isa amsa. A 2022 jaridu suka ba da rahoton yadda wuraren ceton dabbobi na ƙasar suka cika da aksolotil, har wani wuri guda a garin Dunedin ya tara kusan 2,000. Akasari iyaye ne suka sayo wa yara biyu don kada ɗaya ya yi kaɗaici, ba su san mace da namiji ba ne. Shi kuwa aksolotil ko a jikinsa, bai san kaɗaici ba.

Doka ma tana da ta cewa. Cinikinsa tsakanin ƙasashe yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, sai da takarda. A jihohin California da New Jersey na Amurka an hana ajiye shi a gida, don gudun kada wanda aka gaji da shi a zubar a kududdufi ya gauraya da 'yan'uwansa na can.

Akwai wata magana da masu talla ke yawan yi, wai wanda ya sayi aksolotil ya hayayyafa shi yana taimakawa wajen ceton jinsin. Maganar ba ta da tushe. Na cikin gilashi ya shekara sama da 150 yana auren dangi daga 'yan tsirarun kakanni. Masanan Kentucky sun auna kusancin jinin nasu garken suka samu kashi 35 cikin 100, alhali 'ya'yan wa da ƙanwa ma kashi 25 ne. Ga kuma jinin ɗan'uwan nan mai zanen damisa da ya gauraya da da yawa daga cikinsu. Ga launin fari da zai sa tsuntsu ya hango shi daga nesa. Dabbar gida ce ta zama, kuma zuba ta a Socimilko zai iya kai cuta ga 'yan ragowar da ke can. A watan Fabrairun 2022 wasu shugabannin gundumomin birnin Meksiko suka shirya biki, suka riƙe aksolotil a hannu gaban masu ɗaukar hoto, suka sake su cikin ruwan, masana kuwa suka yi musu ca.

Matsalar Socimilko ba ƙarancin 'ya'ya ba ce, ruwan ne ya lalace. Birni mai mutum sama da miliyan 20 ya janye maɓuɓɓugan da ke ciyar da tafkin, aka maye gurbinsu da ruwan da aka tace daga magudanan gari. Ga takin zamani da maganin ƙwari, ga gidajen da ke zuba ƙazanta kai tsaye. Sannan ga baƙin kifaye biyu da hukuma ta zuba a shekarun 1970 da 1980 don samar wa talakawa abinci: kaf daga Asiya, da karfasa daga Afirka, ita dai karfasar da ake soyawa a kasuwanninmu. Su biyun suna cinye ƙwai da ƙananan aksolotil, kuma sun mamaye ruwan har sun zama mafi yawan abin da taru ke kamowa.

Luis Zambrano na jami'ar UNAM, wanda ya shafe shekaru yana wannan ƙidaya, ya koma aiki da manoman cinampa. Ana toshe bakin ƙaramar hanyar ruwa da ke gefen gona da shingen duwatsu da tsakuwa da tsirrai, ruwa yana ratsawa yana tacewa, karfasa da kaf ba sa iya shiga. Manomi kuma ya yarda ya bar maganin ƙwari, a ba kayan lambunsa tambarin da zai ɗaga musu daraja a kasuwa. Tun 2022 jami'ar ta buɗe wani shiri da mutum zai ɗauki nauyin aksolotil daga nesa, ya biya peso 600 na wata guda ta intanet, a ba shi takardar shaida, dabbar kuma ta zauna inda take. Kuɗin yana tafiya wajen gina irin waɗannan mafaka.

A 2025 wata masaniya, Alejandra Ramos, da abokan aikinta suka wallafa sakamakon wani gwaji. Sun ɗauki aksolotil 18 da aka haifa a hannun masana, suka sa musu 'yar na'urar bibiya, suka saki wasu a gyararriyar cinampa, wasu a wani tafki da ke tsohon wurin fasa dutse na jami'ar. Kwana kusan 40 ana bin su, babu wanda ya mutu, waɗanda aka sake kamawa ma sun ƙara nauyi, alamar sun iya farauta da kansu. Bayan an rufe gwajin aka ga tsuntsaye dangin zalɓe sun cafke wasu a Socimilko, abin da ya sa masanan suka fara tunanin yadda za a koya wa na gaba tsoron inuwar tsuntsu kafin a sake su.